Tarihin Ƙiba da Rage Ƙiba a Tsakanin Matan Alshajara

Alshajara unguwa ce a kudancin Khartum, a gaɓar gabas ta Farin Nilu, kan hanyar da ta ratsa Kalakla ta nufi Jabal Auliya. Sunan ya fito ne daga wata babbar bishiya da ta taɓa tsayuwa a bakin kogin, wadda mutane suka riƙa kira bishiyar Mahu Bey, da sunan hafsan Turkawa da ya riƙe ƙasar daga 1825 zuwa 1826. A wannan yanki ne Ansaru, mabiyan Mahadi, ƙarƙashin Wad Annujumi suka yi sansani lokacin da aka yi wa Khartum ƙawanya, kafin birnin ya faɗa hannun Mahadi ranar 26 ga Janairu 1885. Turawan Ingila sun mayar da sunan wurin bishiyar Gordon, da sunan janar ɗinsu da aka kashe a faɗuwar birnin, suka yi filin jirgin sama a can, hukumar ban ruwa ta Masar kuma ta kafa ma'aikatar gyaran jiragen ruwa. Daga baya unguwar ta yi suna da barikin rundunar tankokin yaƙi, da cibiyar binciken kifi, da ma'ajiyar man fetur.

Mazaunanta haɗin gambiza ne: tsofaffin gidaje na manoman bakin kogi da masunta, iyalan ƙananan sojoji, leburori, ƙananan ma'aikatan gwamnati, da baƙin da fari ko yaƙi ya koro daga yamma da kudu. Akasarinsu masu jiran albashi ne ko masu neman na yau da gobe. A irin wannan unguwa, ƙibar mace da ramarta sun daɗe suna bin farashin abinci sau da ƙafa, kuma duk wani shiri na rage ƙiba da bai fara da wannan lissafi ba, da wuya ya kai ga matar da aka yi shi dominta.

A ƙarni na 19 da farkon na 20, cikar jiki ita ce kyan mace a ƙasar da ke gaɓar Nilu, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yunwa baƙuwa ce da aka saba da zuwanta. Wadda aka yi a shekarar 1306 ta hijira, wato 1888 zuwa 1889, wadda Sudaniyawa ke kira sanat sitta, ta hallaka ɗimbin jama'a a Omdurman da kewaye, har ta zama abin ƙirga shekaru. A inda mutane suka ga haka da idonsu, mace mai jiki shaida ce cewa rumbun gidansu bai taɓa yin fayau ba. Akwai kuma batun aiki. Abincin gida shi ne kisra, wata siririyar waina mai tsami da ake yi da ƙullun dawa, da asida, wato tuwo, da miyar busasshiyar kuɓewa da busasshen nama. Kafin kisra ta hau faifai sai an jiƙa dawa, an durƙusa an niƙa ta a dutsen niƙa da suke kira murhaka, an bar ƙullu ya kwana, sannan a zauna gaban wuta ana shafa shi a kan kaskon da suke kira doka ɗaya bayan ɗaya. Ga ɗebo ruwa daga kogi, ga itace. A gidajen masu hali bayi mata ne ke yin wannan wahala, bayan an hana bauta kuma 'yan aiki suka gaje ta. Saboda haka matar da ta yi ƙiba tana nuna abu biyu lokaci guda: tana ƙoshi, kuma wata ce ke yi mata niƙa. Talaka ba ta da ko ɗaya, sai dai ta yi sha'awa daga nesa.

Lokacin da ake tilasta wa jiki ya cika shi ne gab da aure. Ana killace amarya a ɗaki makonni, a wasu gidajen har watanni, ba ta fita rana, ba ta aikin gida. A cikin wannan zama ne ake yi mata dukhan: ta shafe jiki da mai, ta lulluɓa da bargo mai kauri, ta zauna a kan rami da aka haƙa a tsakar gida ana turara ta da hayaƙin itacen ɗalah har fata ta yi laushi ta ɗauki ƙamshi da launi. Ana murza ta da dilka, ana shafa mata humra, ana koya mata rawar amarya, a ƙarshe a yi lalle da bikin jirtig. Mata a Kano da Maiduguri sun san rabin waɗannan abubuwa, domin dilka da humra da turaren jiki sun daɗe da shigowa gyaran amaryar Hausa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne ɗurar da ke tafiya tare da gyaran. Ana ba amarya madida, wani kunu mai kauri na gero ko na hulba ko na dabino, a kwarara masa madara da man shanu, a bi ta da shi safe da yamma ko tana so ko ba ta so. Mai jego ma haka ake yi mata kwana arba'in, kamar yadda ake yi wa 'yar'uwarta a ƙasar Hausa da kunun kanwa. Sophie Zenkovsky ta rubuta bayanin al'adun aure na Omdurman a mujallar Sudan Notes and Records a 1945, Janice Boddy kuma ta yi nazarin irin wannan gyara a wani ƙauye na arewacin Sudan cikin littafinta na 1989.

Wannan ƙiba ta dā tana da tsada, kuma tsadar ce ta yi mata iyaka. Madara da man shanu da dabino ba abin da gidan lebura zai iya saye kullum ba ne. Iyali kan yi tanadi domin watannin aure, amarya ta cika, sannan ta shiga gidan miji ta koma kan dutsen niƙa da tulu, haihuwa da shayarwa su zaftare abin da aka tara. Al'adar ba ta Sudan kaɗai ba ce. Zabarmawan Nijar na da hangandi, Larabawan Azawak na ɗura wa 'yan mata madara da fura tun suna ƙanana, kamar yadda Rebecca Popenoe ta nuna a littafinta na 2004, a Muritaniya kuma ana kiran abin leblouh.

Hausawan Khartum sun zauna a gefen wannan al'ada suna ɗiba suna bayarwa. Kakanninsu mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, da mutanen da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. A babban birni da yawansu sun zauna a Ishash Fallata, kudu da tsakiyar gari, har gwamnati ta tashe su zuwa unguwar Al'inkaz. Matansu su ne aka sani da tallan gyaɗa da 'ya'yan kankana soyayyu da godogodo, wani abin sha na gero da nono mai kama da fura, mazan kuma da agashe. Mace mai yawo da tire a ka daga hantsi zuwa la'asar ba ta da lokacin ƙiba, amma 'yarta idan za ta yi aure, ita ma ana so a ga ta murje.

Abin da ya sauya lissafin baki ɗaya shi ne arahar da abinci mai sa ƙiba ya yi a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Sukari ne kan gaba. Tun bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin mulkin mallaka ta riƙe cinikin sukari a hannunta tana samun kuɗin shiga mai yawa, domin shayi ya riga ya kama mutane. Bayan samun 'yancin kai a 1956 ƙasar ta shiga noman rake: masana'antar Junaid ta fara aiki a 1962, ta Sabuwar Halfa ta biyo baya, sai ta Sinnar a 1976, sai Asalaya, sai babbarsu, Kenana, wadda Shugaba Numairi ya buɗe a 1981 a jihar Farin Nilu. Ko a shekarun da sukari ya yi wuya ana raba shi da kati, gwamnatoci sun ɗauke shi a matsayin abin da ba a wasa da shi, musamman gab da azumi, lokacin da kowane gida ke buƙatar buhu domin hilu-mur da sauran abin shan buɗa baki. Ƙaramin kofin shayi a Khartum kan sha cokali biyu ko uku, kuma mutum kan sha kofi da yawa a wuni.

Na biyu shi ne burodi. Alkama ba cimar tsakiyar Sudan ba ce, ta mutanen arewa ce, amma tallafin abinci daga Amurka da rangwamen da gwamnati ta riƙa yi wa fulawa sun mayar da burodi abinci mafi araha a birni. Ba ya buƙatar niƙa, ba ya buƙatar gawayi, yaro ma zai iya sayo shi. Kisra kuwa, da itace da gawayi suka yi tsada, sai ta koma abin saye daga hannun masu sana'arta. Yadda burodi ya zama ran birnin ya fito fili sau biyu. Janye rangwame a Maris 1985 ya haifar da boren da ya kawar da Numairi ranar 6 ga Afrilu, kuma a Disamba 2018 tashin farashin burodi daga fam 1 zuwa fam 3 a Atbara ne ya kunna zanga-zangar da ta ƙare da faɗuwar Umar Albashir ranar 11 ga Afrilu 2019. Na uku shi ne mai: man gyaɗa da na auduga da na riɗi sun wadata, soye-soye irin su taamiya da zalabiya suka zama karin kumallo na kullum.

A daidai wannan lokaci aikin jiki ya ragu. Injin niƙa ya kori murhaka, famfo ya kori tulu, gas ya shigo kicin, ƙananan motocin haya da a-daidaita-sahu, waɗanda a can ake kira raksha, suka rage tafiyar ƙafa. Wannan sauƙi ne na gaske, kuma babu mai hankalin da zai so a mayar da mata kan dutsen niƙa. Sai dai abincin bai ragu tare da aikin ba, ƙaruwa ya yi ta ɓangaren da ba a so. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, musamman bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a Yuli 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, kasuwannin unguwa suka koma ga abin da mutanen Khartum ke kira gadar zurufak, wato saye gwargwadon hali: ƙullin sukari, ƙullin mai, ƙullin garin madara, 'yan yankan nama da ba su kai awo ba. Uwa mai kuɗi kaɗan da bakuna da yawa dole ta sayi abin da ke cika ciki. Burodi da aka jiƙa a ruwan wake aka yayyafa masa mai, wanda ake kira bosh, ya fi tumatir da kifi da lemo araha nesa ba kusa ba, ko da kuwa kogin na bayan gida. Ta haka ƙiba ta sauko daga gidajen attajirai ta shiga gidajen talakawa, kuma sau da yawa a gida ɗaya ake samun uwa mai nauyi fiye da ƙima da ɗa mai tamowa, ita kanta uwar kuma da ƙarancin jini.

Masu sayar da shayi a bakin titi, sittat asshay, su ne suka fi bayyana wannan hali. Yawancinsu matan da fari na 1984 zuwa 1985 ko yaƙin kudu da na Darfur da na tsaunukan Nuba ya koro ne. Suna zaune kan 'yar kujera gaban kurfoti daga asuba zuwa dare, abincinsu abin da ke kusa da hannu, ga fargabar 'yan sanda masu kwashe kaya. Awadiya Mahmud Koko, wadda ta kafa ƙungiyar haɗin kan masu shayi da abinci a 1990 kuma ta samu lambar yabo ta mata masu jarunta daga gwamnatin Amurka a 2016, ta shafe shekaru tana fafutukar a bar su su yi sana'a cikin mutunci. Matar da ke wannan zama awa goma sha biyu ba ta da gurbin da za ta saka motsa jiki.

Tsohon ma'aunin kyau bai mutu da sauri ba, kuma nan ne tarihin ya ɗauki mummunar hanya. Madida da man shanu suna buƙatar watanni da kuɗi, ƙwaya kuwa tana yin aikin cikin makonni a kan kuɗi ƙalilan. Daga ƙarshen ƙarni na 20 kasuwannin Khartum da Omdurman suka cika da ƙwayoyin sa ƙiba, ana sayar da su a shagunan kayan kwalliya da hannun dillalai mata, ƙulle a leda ba suna ba takarda. Wadda ta fi shahara ana kiranta najma. Akasarinsu iri biyu ne: deksametazon da danginsa na kotizon, waɗanda likita ke bayarwa domin asma da kumburi, da sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi da atishawa mai buɗe ciki, wanda aka fi sani da Periactin. Su ne dai ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe a Kano. Kotizon ba ya gina jiki. Yana riƙe ruwa da gishiri, yana tara kitse a fuska da ciki da doron wuya, yana cinye tsokar hannu da ƙafa, yana ɗaga sukarin jini da hawan jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki. Mafi haɗari shi ne dainawa farat ɗaya bayan an daɗe ana sha, domin ƙwayar kan sa jiki ya dakatar da yin nasa sinadarin, mutum ya faɗi jini ya yi ƙasa, wani lokaci har rai ya tafi. Sudan na da dokar magunguna da guba ta 2009 da hukumar da ke kula da ita, amma cinikin ya ci gaba a ɓoye da bayyane. Wadda ta fi faɗawa tarkon ita ce 'yar talaka, wadda ake yi wa gorin rama gab da biki kuma ba ta da kuɗin madara.

Sakamakon ya bayyana a asibiti. Binciken da Elbagir da abokan aikinsa suka buga a 1996 ya samu ciwon sukari a jikin kashi 3.4 cikin 100 na manya a arewacin Sudan. Bayan shekara 25, ƙididdigar Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta 2021 ta sa Sudan a kusan kashi 19 cikin 100, cikin ƙasashen da abin ya fi tsanani. Hanyoyin ƙirgar biyu ba ɗaya ba ne, amma alkiblar a fili take. Binciken ƙasa da ma'aikatar lafiya ta yi da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na manya suna da nauyin da ya wuce ƙima, mata sun fi maza, birni ya fi ƙauye. Cibiyar ciwon sukari ta Jabir Abul'iz da ke Khartum ta zama wurin da ake ganin ƙarshen lamarin: gyambon ƙafa da ba ya warkewa, yanke gaɓa, raunin gani. Duk wannan ya zo ne bayan an soke jinya kyauta a farkon shekarun 1990. Inshorar lafiya ta ƙasa ta fara aiki a tsakiyar shekarun, amma har zuwa gab da yaƙi kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyata yake fitowa.

Sana'ar rage ƙiba ta shigo Khartum ne da kuɗin man fetur na shekarun 2000, da tashoshin tauraron ɗan'adam, da 'yan ƙasar da ke dawowa daga Saudiyya da ƙasashen Tekun Fasha. Kalmar rijim, wato taƙaita cima domin rage ƙiba, ta shiga bakin mata. Aka buɗe ɗakunan motsa jiki na mata zalla da ofisoshin masana abinci, yawancinsu a unguwannin masu hali irin su Riyad da Amarat. Masana abincin da yawa sun fito ne daga Jami'ar Mata ta Ahfad da ke Omdurman, wadda asalinta makarantar 'yan mata ce da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907. Masu kuɗi sosai kan je Alƙahira a yi musu tiyatar rage tumbi. Abin da ya iso unguwanni irin su Alshajara shi ne gefen kasuwar mai araha kuma mara tabbas: ganyen shayi na rage teɓa, haɗin masu magani, ɗamarar ciki, da shawarwarin da ake turawa a rukunonin mata na Facebook da WhatsApp, inda sau da yawa mai tallan ƙwayar ƙiba ita ce mai tallan ta rama.

Tafiya a ƙafa kyauta ce, amma ita ma tana da shinge. Zafin Khartum kan wuce digiri 40 watanni da dama, unguwanni ba su da gefen titi na masu tafiya, kuma dokar kiyaye tarbiyyar jama'a ta jihar Khartum ta 1996 tare da sashe na 152 na dokar laifuka ta 1991 sun ba 'yan sanda ikon kama mace saboda sutura. Shari'ar 'yar jarida Lubna Husaini a 2009 kan sanya wando ta nuna wa duniya yadda abin yake, amma waɗanda suka fi shan bulala da tara matan da ba su da kowa ne. An soke dokar tarbiyyar a Nuwamba 2019, a shekarar da aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta mata. Filin Assaha Alkhadra da titin bakin Nilu sun zama wuraren da mata ke zagaye da yamma, sai dai daga Alshajara sai an biya kuɗin mota kafin a isa.

Tambayar ko shirin rage ƙiba ya cancanci kuɗin da ake zuba masa an fi nazarinta a wasu ƙasashe. Masana na auna ta ta hanya biyu: nawa aka kashe kan kowane kilo da ya sauka, da nawa aka kashe kan kowace shekarar lafiya da aka ƙara wa mutum. Babban gwajin rigakafin ciwon sukari na Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2002, ya ɗauki mutum 3,234 da ke bakin kamuwa da ciwon. Waɗanda aka koya wa sauya cima, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar metfomin kuwa da kashi 31. Amma koyarwar mutum ɗaya-ɗaya ce, ta ci kusan dala 2,800 kan kowane mutum cikin shekara uku. Da aka gwada irin wannan koyarwa a rukuni ga mata masu ƙaramin ƙarfi a jihar Karolina ta Arewa, cikin shirin Weight-Wise na mako 16, bambancin nauyi tsakanin waɗanda suka shiga da waɗanda ba su shiga ba ya kai kimanin kilo 4, a kan kimanin dala 240 kowace mace. A Amurka wannan araha ce. A Sudan kuwa, inda duk abin da aka kashe kan lafiyar mutum ɗaya a 2019 bai kai dala 100 ba, ya fi ƙarfin ma'aikatar lafiya, balle matar ƙaramin soja.

Gwajin da ya fi kusa da halin Khartum shi ne na birnin Chennai a Indiya, wanda aka buga a 2006. Mutum 531 ne, shawarar kuma mai sauƙi: rage sukari da mai da abinci mai sitaci, tafiyar rabin awa kullum, da tuntuɓa a kai a kai. Nauyin mahalartan bai sauka sosai ba, amma kamuwa da ciwon sukari ta ragu da kashi 28.5 cikin 100, a kan kimanin dala 225 cikin shekara uku. Darasin yana da muhimmanci ga al'ummar da ke ganin ramar matar aure abin kunya ne ga mijinta: ana iya samun amfanin lafiya ba tare da mace ta zama siririya ba. Ya kamata a ƙara da cewa a kusan duk irin waɗannan shirye-shirye wani ɓangare na nauyin kan dawo bayan an daina bibiya, don haka lissafin da aka yi a wata na huɗu ya fi na shekara ta biyar daɗin ji. Sababbin allurai irin su Wegovy, wanda Amurka ta amince da shi a 2021, suna rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi, amma farashinsa a can ya fara ne sama da dala 1,000 a wata, kuma yawancin nauyin na komowa idan aka tsaya.

Jerin matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017 a matsayin mafi riba ga ƙasashe matalauta, waɗanda ke ceto shekarar lafiya guda a kan dala 100 ko ƙasa, bai ƙunshi shirin rage ƙiba na mutum ɗaya-ɗaya ba. Cikin abin da ya ƙunsa akwai harajin taba, rage gishiri a abinci, da wayar da kan jama'a kan motsa jiki. Idan aka ɗora wannan a kan tarihin Alshajara, abubuwan da suka fi araha a bayyane suke. Hana sayar da kotizon ba da takardar likita ba aikin hukuma ne da ba ya cin ko sisin mace. Rage cokalin sukari a shayi yana rage kashe kuɗi ne ma. Gwajin sukari da hawan jini a ƙaramin asibitin unguwa ya fi yanke ƙafa sauƙi ta kowace fuska. Koyarwa a rukuni kuma ba ta buƙatar sabon gini, domin matan Khartum sun riga suna da taronsu: adashen da suke kira sanduk, da zaman shan gahawa na hantsi, da ungozomomi, waɗanda horar da su ya faro tun makarantar da Mabel Wolff ta buɗe a Omdurman a 1921. Kuɗin da ya fi nauyi a wuyan talaka shi ne na mota da na wunin da ta rasa ciniki, kuma su ne masu tsara shirye-shirye suka fi mantawa da su.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya katse wannan tarihi. Saboda barikin tankoki, Alshajara ta zama fagen daga. An kai wa barikin munanan hare-hare a Agusta 2023, yankin ya zauna cikin ƙawanya kusan shekara biyu, har sojoji suka ƙwace tsakiyar Khartum a Maris 2025. Da yawa sun gudu, waɗanda suka rage kuma, kamar sauran mazauna birnin, sun dogara ga takaya, wato ɗakunan girki na taimakon juna da matasan unguwa da mata ke gudanarwa da gudummawar 'yan'uwa na waje, inda abincin bai wuce wake ko adas ko dafaffiyar shinkafa ba. Fam ɗin Sudan, wanda ake canzar da dala a kan kusan 600 kafin yaƙi, ya wuce 2,000 a 2024. Akasarin asibitocin birnin sun daina aiki, insulin ya yi wuya, rashin wutar lantarki ya hana adana wanda aka samu, masu wankin ƙoda suka rasa inda za su. Matan da suka shiga yaƙin da ciwon sukari da hawan jini sun rame, amma ciwon bai tafi ba, kuma yaran da aka haifa cikin yunwar waɗannan shekaru suna cikin rukunin da binciken likitoci ya nuna sun fi saurin kamuwa da ciwon sukari idan suka girma a inda sukari da burodi da mai suka fi komai araha.